Umma, Ni Ce Na Cire Sarƙar Keken Habu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajara mai goro ta bakin layin dogo, Agege. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin rahama. Mu nan lafiya lau, ni da Habu. Damina ta kankama, kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa kamar kowace shekara, mai gidan hayar kuma har yau yana cewa sati mai zuwa zai gyara mana kwano.

Na san wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya karɓar wasiƙa. 'Yan ƙungiyar su Habu ne suka ce duk mai ɗan'uwa naƙasasshe ya rubuto abin da ke ransa, za su buga a 'yar takardar da suke rabawa ranar Lahadi. Kwana uku ina zaune da biro ina neman wanda zan yi wa magana. Gwamnati ban san ta ba, ita ma ba ta san da zamana ba. Ke kaɗai ce nake da magana da ke. Duk wanda ya karanta ya yi haƙuri, hirar 'ya da uwarta ya tarar.

Umma, shekara guda ke nan da na yi wani abu, kuma har yanzu kaina a ɗaure yake. Ban sani ba ko biyayya na yi miki ko saɓa miki na yi. Ni ce na cire sarƙar keken Habu. Ban taɓa faɗa da bakina ba, ko shi ban faɗa wa ba, duk da ya sani.

Kin fi ni sanin farkon labarin, amma bari in maimaita saboda baƙi. Habu yana ɗan shekara uku, ni ina da tara, zazzaɓi ya kwantar da shi. Da zazzaɓin ya sauka, ƙafafunsa suka ƙi tashi. Ba a jima ba Baba ya rasu. Kika ci gaba da goya shi, daga ɗaki zuwa rumfar goro, daga rumfa zuwa firamaren bayan masallaci, har ya kai shekara goma sha uku ƙafafunsa suna jan ƙasa a bayanki. Matan unguwa su ce, "Hajara, wannan goyon ai ya isa aure." Ke kuma ki ce, "Bayanki ne ko nawa?"

A garin nan, in aka ga gurgu Bahaushe a bakin hanya, ba a tambayar abin da ya zaunar da shi, sai hannu ya shiga aljihu. Matan da malamansu suka umarce su da sadaka har rumfarmu suke biyo shi, da ƙosai, da gishiri, da farin ƙyalle. Ba ki taɓa karɓa ba. Na tuna ranar da wani ya jefo masa kwabbai ta tagar danfo, motar haya. Kika tsince su ɗaya bayan ɗaya, kika bi motar da gudu, zaninki a hannu, har inda ta tsaya sauke fasinja. Kika danƙa wa mutumin abinsa, kika ce, "Ɗana ba ya bara." Kika dawo kina haki, kika ci gaba da tsince goro mai sankara daga cikin mai kyau.

Wannan magana ce ta rene mu. Ni na ji ta fiye da yadda na ji sunana.

Da ya kai sha biyar, Sarkin Guragun unguwa ya zo da kansa, a kan kekensa, da rawani, da mutum biyu a bayansa. Al'ada ce: duk gurgun da ya tasa sai ya shiga hannunsa, a ba shi wurin zama a bakin masallaci ko tasha, in an kama shi kuma a je a karɓo shi. Ya yi miki magana cikin girmamawa, ya miƙa goro. Kika ɗauki guda kika ɓare, kika juya shi, kika ce, "Ranka ya daɗe, goron nan da sankara. A koma da shi." Ina tsaye a gefenki, Umma. Goron nan fari ne tas, babu abin da ya taɓa shi.

Daga nan kika nemo tsohon da ya koya masa gyaran agogo da rediyo. Amma teburinsa a lungun shiga gidanmu kika ajiye shi, can ciki, inda mai wucewa ba zai hango shi ba. Keken ma sai da bayanki ya gaza kika yarda mai walda ya haɗa masa, mai ƙafa uku, mai fedar hannu, sarƙa ta sauko daga fedar zuwa tayar gaba. Sharaɗinki ɗaya ne: masallaci da gida, ta lungun baya. Babban titi kuwa, ko kallonsa.

Kin rasu saura 'yan makonni sojoji su koma bariki. Safiyar ranar, rediyon da Habu yake gyarawa a bakin ƙofa yana ta labarin rantsar da farar hula. Kika kama tsintsiyar hannuna da ƙarfin da ban zaci ya rage miki ba. Kika ce, "Asabe, Habu amana ne. Kada ki bari ya hau kwalta. Garin nan ba ya jiran mai jan jiki." Na ce na ɗauka. Ban yi shawara da kowa ba, wa yake shawara a irin wannan lokaci?

Watanni kaɗan bayanki aka yi rikicin ƙabilanci a kasuwar Mile 12. 'Yan dako da masu tumatir suka riƙa shigowa Agege da jini a riguna, jita-jita kuma ta cika gari cewa nan ma ana tafe. Muka rufe ƙofa da rana tsaka. Na dubi Habu, ƙato mai shekara ashirin da bakwai, kafaɗunsa sun yi biyun nawa, na ce ya hau bayana in gwada. Ya ce, "Yaya, ki rufa wa kanki asiri." Na nace. Taku biyu na yi muka zube tare a kan buhun gawayi. Shi yana dariya har da hawaye, ni ina kuka. Da ya natsa ya ce, "In sun zo, ki gudu kawai." Ba su zo ba, Alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar tsoro ya samu wurin zama a cikina, in ya yi minti goma bai dawo daga masallaci ba sai in ji ƙafafuna sun kai ni bakin lungu.

To kin san tunda farar hula suka hau kowa ya yi baki. 'Yan okada da ƙungiya, masu ruwa da ƙungiya, har masu yankan farce. Wata rana wani makaho mai saƙa kujerun kaba, Malam Garba, ya kawo rediyonsa gyara. Gyaran minti biyar ne, suka yi awa uku. Ashe su ma suna taruwa duk Lahadi a filin firamaren nan, guragu da makafi da kurame, Hausawa da Yarabawa. Hanyar ta lungun baya ce, don haka ban hana ba. Ya fara dawowa da sababbin kalmomi. In na ce Allah Ya kawo mai taimaka musu, sai ya ce, "Yaya, haƙƙinmu muke nema." Ni kuma in ce, "To haƙƙin ya zo ya tuƙa maka tuwo."

Ban raina abin da suke nema ba. Ana gina jerin ƙananan shaguna a hayin layin dogo, suna so a ba masu sana'a a cikinsu ko 'yan kaɗan. Sannan akwai motar kamen nan da ke kwashe mabarata, wadda ba ta tambaya, duk wanda ta gani da sanda ko keke nata ne. Wani tela Bayarabe a cikinsu ya fita sayen zare da sandunansa, sai bayan sati uku iyalinsa suka gano inda aka kai shi. Habu ya ba ni wannan labari don in ga dalilin fitarsu. Ni kuwa abin da na gani a ciki shi ne dalilin zama a gida.

Suka sa ranar Litinin za su ɗunguma gaba ɗaya zuwa ofishin hukuma su kai kuka a rubuce. Ofishin sai an hau babban titi, an tsallake layin dogo. Habu ne ya rubuta takardar, don ya fi su kyan rubutu, shi ne kuma zai karanta, tunda shugaban nasu, Malam Garba, ba ya gani. Ranar Lahadi da la'asar na same shi yana goge farin kaftaninsa da dutsen guga na gawayi. Na zauna na maimaita masa wasiyyarki kalma-kalma. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina bakin ƙofa lokacin da ta faɗa, na ji. Ke ta faɗa wa, Yaya. Ni ba ta tambaye ni ba."

Gaskiya ne ba ki tambaye shi ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Da safe ya shiga layin banɗaki. Na sha ganin yadda yake cire sarƙar in zai wanke ta, akwai wani ɗan makulli da ake zarewa. Na ɗauki filayarsa, tasa ta aiki, na zare. Sarƙar ta sulalo hannuna da sanyi da nauyi. Na rasa inda zan kai ta, sai na buɗe tsohuwar tukunyarki ta ajiyar goro na jefa ta, na rufe. A raina na ce ai hannunki na mayar da ita. Na wanke hannu da sabulu da toka, amma baƙin man ya maƙale a ƙarƙashin farce. Da waɗannan hannuwan na miƙa masa koko.

Ya sha, ya sa kaftani, ya hau keken. Ya murza feda, ta juya fayau, keken bai motsa ba. Ya dubi inda sarƙa take zama. Ya dubi hannuwana. Na jira faɗa, na ma shirya amsa, da hawayen da zan haɗa da ita.

Sai ya sauko ƙasa. Ya naɗe takardar a leda ya sa a cikin hularsa. Ya tattare kaftanin ya ɗaure a ƙugu. Ya yanko robar cikin tsohuwar taya ya ɗaura a gwiwoyi, ya zura silifas ɗinsa a hannu biyu. Ya ja jiki ya wuce ta gabana ya fita.

Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce iyakarsa bakin lungu, in ya ga taɓo zai juyo. Sai muryar Iya Tawa, maƙwabciyarmu mai burodi, na ji daga waje: "Asabe, kilode, me ya faru? Ƙaninki yana tafiya a ƙasa, ke kina tsaye kina kallon bango?"

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in rasa wace irin ƙwaƙwalwa ce da ni. Na bi shi da keken, amma na bar sarƙar a tukunya. A tunanina in na ɗauko ta na karya miki alkawari da hannuna, in kuwa ni ce na tura shi, ai ba shi kaɗai ya fita ba. Na cim masa daidai inda ƙasa ta ƙare kwalta ta fara. Na ce ya hau mu koma. Ya ci gaba da jan jiki. Na ce to ya hau in tura shi har can, na yarda. Ya tsaya, ya share gumi da kafaɗa, ya ce, "Na gaji da goyo, Yaya." Ya ɗora hannu a kan kwalta.

Ba mu yi nisa ba aka fara. Wata mata da kaya a ka ta sunkuya ta ajiye masa kuɗi a gaba. Wani ɗan okada ya jefo nasa bai ko tsaya ba. Wani ya sa masa burodi a gadon baya, Umma, a gadon baya, kamar tebur. Shi bai kalli ko ɗaya ba, yana ta tafiya, hannu, hannu, ja. Ni ce na saki keken na shiga tsinta. Na bi wannan na mayar, na bi wancan, ina cewa ba mabaraci ba ne, da Hausa, da Yarabanci, da guntun Turancina. Wasu suka karɓa suna harara, wata ta ce in ji tsoron Allah in bar bawan Allah ya samu abincinsa. Sun yi mini yawa. Danfo ba ya jira, ni kuma ba ni da gudunki.

A tsakiyar titin nan na ga abin da na yi. Shekara ashirin da wani abu kina tare wannan rana da bayanki da ƙafafunki, don kada wani ya ga ɗanki yana jan jiki ana jefa masa kwabo. Ni na kawo ta a safiya ɗaya, kuma da maganarki a bakina.

A kan layin dogo tsakuwa ta tsinka masa silifas ɗaya, ta yanke shi a tafi. Na ciro ɗankwalina zan ɗaure masa. Ya bar ni na ɗaure, don ba shi da girman kan banza, amma bai hau keken ba. Tafiyar da mai ƙafa yake yi a minti ashirin, sai kusan azahar muka isa.

Suna nan a gindin matakalar ofishin, cikin rana, suna jiran takarda. Kin san wanda ya fara hango mu? Sarkin Guragu. Ya tsufa, rawanin ya yi masa yawa. Ashe shi ma da mutanensa suna cikin tafiyar, don su motar kamen ta fi kwasa. Ya ɗaga hannu, nan da nan mutanensa suka kewaye Habu. Waɗannan da kika hana mu tsayawa gaisawa da su, su ne suka fasa ruwan leda suka wanke masa hannu da fuska, wani ya kare masa rana da kwali. Tsohon ya dube ni, ya dubi keken da babu sarƙa, ya ce, "'Yar Hajara ce ko? Allah Ya jiƙanta. Duk Agege babu mai sanin goro kamarta." Iyakar abin da ya ce ke nan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wani babba ya fito ya tsaya a saman matakala, ya ce mutum ɗaya ya hau. Masu gadi suka zo za su ɗaga Habu, ya ce su bari. Ya hau da hannu, ɗaya bayan ɗaya, farin kaftanin nan ya koma kalar hanya. Ya cire hula, ya warware leda, ya karanta da Turanci, ya maimaita da Hausa. Umma, ban san yana da irin wannan murya ba. A lungunmu kullum ƙasa-ƙasa yake magana, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

Mutumin ya karɓi takardar da bakin yatsu, ya ce za a duba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗi, wai na mota. Wani ya raɗa wa Malam Garba. Makahon nan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Oga, mayar da abinka. Takarda muka kawo, amsa muke jira." Daga saman matakala Habu ya juyo ya nemo ni da ido a cikin mutane. Mu biyu kaɗai muka san muryar wa muka ji: taki ce.

To ki faɗa mini, Umma. Wa ya yi miki biyayya a ranar nan? Ni da na riƙe wasiyyarki, ko shi da ya take ta ya je ya yi abin da kika yi a bayan danfo? Abu biyu kika bar mana: ɗanki ba ya bara, ɗanki ba ya hawa kwalta. Muddin kina raye suna tafiya tare, don bayanki yana tsakani. Da kika tafi sai suka rabu, na kama ɗaya, ɗayan ya kuɓuce. Wani lokaci in ce da kina nan da kin tafa masa. Wani lokaci in ce da kin kulle ƙofa kin zauna a kan mukullin. Na san ki, duka biyun za ki iya.

Da yamma 'yan ƙungiya suka sa shi a motar wani tela suka maido shi, ni na turo keken ni kaɗai. Na tarar da ragowar kuɗin da na kasa mayarwa ƙulle a bakin zanina. Kashewa ba zan iya ba, zubarwa kuma haramun. Ranar Juma'a na kai su bakin masallaci na raba wa mutanen Sarkin Guragu, na ce su yi miki addu'a. Ban sani ba ko kin karɓi ladan, ko shi ma kin biyo shi da gudu kin mayar.

Kwana tara daga ina kwana sai sannu tsakanina da shi. Ran na goma na ciro sarƙar, na wanke ta da kananzir, na ajiye a kan teburinsa. Ya juya ta ya juya, ya ce, "Ina makullin?" Ashe na yar da shi tun ranar. Na duƙa ina lalube a ƙarƙashin gado, sai na ji yana dariya. Ya lanƙwasa wata waya daga cikin matattun rediyoyinsa ya haɗa. Yana haɗawa yana cewa, "Na san ba mugunta ba ce. Amma Yaya, in kin tsare ni daga mota da 'yan rikici, wa zai tsare ni daga tsufa a lungun nan?"

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kin tuna mai fatar nan na abbatuwa da ya neme ni bayan mutuwar aurena? Ya dawo bayan rasuwarki, na ce masa ina da amana, ba zan iya ba. Da Habu ya ji, ya ce, "Ni ban aike ki ba." Na yi fushi sosai. Amma da na zauna na duba, a unguwar nan babu mai kirana Asabe sai Iya Tawa, kowa Yayar Habu yake cewa. In ya tafi, yayar wa zan zama? Shi ya sa in na ce don ke na cire sarƙar nan, wani abu a ƙirjina yakan ce, Asabe, ji tsoron Allah, har da don kanki.

Kada ki zaci takardar ta gyara duniya. Motar kamen tana nan tana yawo. Matakalar ofishin an jingina mata katako biyu don keke ya hau, na wata ɗaya, aka sace. Amma bayan zirga-zirgar da ta cinye takalman masu takalma, an ba su shago uku. Ɗaya na Habu ne da telan nan da aka taɓa kamawa, da ɗan ɗaki a baya. A hayin layin dogo, a bakin babban titi.

Asabar ɗin da ta wuce ya tashi. Na yi masa duk dabarar da na sani. Na ce ya riƙa zuwa yana dawowa, ya ce tsallake dogo sau biyu a rana ya fi kwana can haɗari. Na ce wa zai dafa masa, ya ce ashe mutanen hayi ba sa cin abinci? Aka ɗora teburinsa da akwatinsa a amalanke aka yi gaba. Shi ya biyo a kekensa, ni ina gefe da fitila da buta.

A kan dogo tayar gaba ta faɗa ramin da ke tsakanin ƙarfe da katako, ta maƙale. 'Yan okada suka taru a baya suna ta ham. Mutum biyu suka nufo shi za su ɗaga, ya girgiza kai. Jikina duk ya tafi wurinsa, ƙafafuna ne kawai na riƙe. Na ajiye buta, na cusa hannuwana cikin mayafi na damƙe. Ya ja baya, ya murza, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ina jin muryarki a kunnena tana cewa Asabe, me kike jira? A na uku ya karkata jikinsa gefe, jijiyoyin wuyansa suka tashi, tayar ta fito. Sarƙar nan mai makullin waya ba ta tsinke ba.

Yana sauka kan kwalta wata dattijuwa ta miƙo masa kuɗi. Na buɗe baki zan yi abin da muka gada, sai na ji ya riga ni. Da Yarabanci, yana murmushi, ya ce, "Mama, na gode. In kina da rediyon da ya mutu, ga shagona can." Ta mayar da kuɗinta a jaka tana dariya, ta ce tana da guda biyu.

Na raka shi, na share ɗakin, na jera masa kaya yana bina yana sake musu wuri. Na dawo gida ni kaɗai. Lungun shiga ya yi faɗi, har yanzu in na wuce sai in karkace don kada in bugi teburin da babu shi.

Tsoron bai tafi ba, Umma, kada in yi miki ƙarya. In gari ya sake rikicewa, ni ina wannan hayi, shi yana wancan, ko faɗuwa tare a kan buhun gawayi ba za mu samu ba. Kullum in jirgi ya yi kuka sai na ajiye abin da ke hannuna. Ban san ko na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne, na ɗaukar miki alkawari a kan ran mutumin da yake zaune a bakin ƙofa yana ji, kuma babu wadda ta leƙa ta tambaye shi a cikinmu.

Ki yafe mini. In kin ga na ci amana, ki bari sai na zo mu yi ta, na san ba za ki rage mini ko kalma ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya hutar da bayan nan da ya yi goyo shekara goma sha uku. Ya sanya ki a inuwar da babu gudu babu haki. Allah Ya jiƙan Baba da dukkan musulmi. Habu kuma, ya Allah, ga shi nan a kan kwalta. Ka riƙe shi, ni na saki.

Wassalam.

'Yarki da ta karya miki alkawari,
Asabe